Yadda Na Kai Ragowar Tuwon Zongo Gonar Inna

Tun da na dawo daga Nijar bakina bai huta ba. Mai sayen shinkafa da wake sai ya tambaya, mai zuwa aron ludayi sai ta tambaya, har mai kawo mini gawayi ya jingine kekensa ya ce, "Rakiya, wai da gaske shara kika ɗauka kika tsallaka iyaka da ita?" Na gaji da maimaitawa ina zuba miya. Ga shi na rubuta gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in yi sana'ata. Kuma ba shara ba ce, taki ne.

A nan Zongon Wagadugu aka haife ni, babana direban babbar mota ne. Innata Habsu kuwa 'yar wani ƙauye ce gaba da Dogondutsi. Da baba ya rasu ta ce birni ya ishe ta, ta koma gida tana noma gamanarta, wato 'yar gonar da mahaifinta ya yanka mata tun tana budurwa. Daga gonar nan take aiko mana da gero duk kaka, ko da tiya biyu ce. Bayan ita ma ta rasu ba wanda ya ƙara sa fartanya a wurin, ƙasar ta daskare ta zama fako, ruwa ya zuba ya wuce kamar a kan daɓen siminti. Ana nan sai ƙaninta, Kawu Isaka, ya turo mini saƙon murya, wai masu tifa daga gari suna son marmarar da ke ƙarƙashin gonar, zai ba su su haƙe, tunda ƙasar ta mutu. Ina yankan albasa na saurara. Na ajiye wuƙa na kira shi na ce, "Kawu, kar a taɓa, ina zuwa in noma." Dariyar da ya yi har yau tana kunnena, kuma ita ta ɗaura mini kaya.

Ba da ka na yi maganar ba. Akwai wata Bamosa, wato 'yar ƙabilar Mosi, mai suna Poko da ke noman salak a bakin baraji, wato madatsar ruwan garinmu, kullum tana zuwa rumfata ta kwashe ɓawon doya da na albasa da ragowar tuwo. Ran nan na ce mata aladu take kiwo ne? Ta ce in biyo ta in gani. Na ga ƙasarta baƙa wuluk, mai laushi, gefenta kuwa ta maƙwabcinta ja ce, ta tsattsage. Ita ta koya mini: a haƙa rami, a shimfiɗa ɓawo da ragowar tuwo da ƙwanson ƙwai, a bi da kashin tumaki da ɗan toka da busasshiyar ciyawa, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa. Zai ɗauki zafi har ka kasa sa hannu, sannan ya huce. Sai ya huce ya koma ƙamshin ƙasa ran da aka yi ruwan farko ake cewa ya nuna. Ta ja mini kunne a kan abu uku, gishiri da kanwa da mai. Ta ce mu Hausawa komai sai mun jefa masa kanwa, to ƙasa ba ta shan miyarmu. Na haƙa nawa ramin a bayan rumfa, maƙwabta suka sa mini suna Madam Fubel, wato uwar kwandon shara. Ban kula su ba. Lokacin da saƙon Kawu ya zo ina da buhu shida na nunannen taki.

Na bar wa ƙanwata Safiya rumfa, na ari diga wurin wata mai fasa dutse a unguwar Pissy, wadda ta rantse mini in digar ta iya da dutsen Pissy ba fakon da zai gagare ta. Maƙwabcinmu Mamman, direba ne mai kai kaya Yamai, ya ɗora buhunan a saman lodinsa yana ƙunƙuni, ni kuma na shiga gaba.

A gaban motar na tarar da wata Hajiya mai fataucin atamfa, jikinta duk turare, ta cinye rabin kujera. Ba mu kai Kupela ba ta fara bincike. "'Yar'uwa, me muka ɗauko ne a buhunan nan?" Na ce dukiya. Ta ce kuka ce? Na ce ta fi kuka. Daddawa? Na ce ta fi daddawa. Daga nan ta fara girmama ni. A garin Fada ta saya mini gasasshen zabo da zuma a kwalba, tana ta ba ni labarin wani ɗanta da ke neman abokin kasuwanci. Na ci zabon, na gode, ban ƙara mata bayani ba. Taya ta fashe mana bayan Fada, muka zauna a gindin wata ƙirya Mamman yana faɗa da jak, Hajiya tana yi mini fifita da mayafinta.

A kan iyaka asirina ya tonu. Wani ɗan duwan, wato ɗan kwastan, ya hau saman lodi ya soka ƙarfe a buhu ɗaya, baƙar ƙasa ta zubo. Ya dube ni, ya dubi ƙasar.

"Madame, c'est quoi ça?"

Na ce taki.

Ya koma Hausa. "Taki daga Waga har nan? Nijar ƙasa ta ƙare mana ne?"

Ashe abin da ke ransu daban ne. Sun san ana satar fita da ƙasar ramin zinariya daga Burkina, sai suka ɗauka irinta ce. Aka sauke buhun, aka kawo tasa da ruwa, wani ya ɗibi ƙasar ya shiga tankaɗe ta a ruwa kamar mai rege shinkafa, mutane sun kewaye mu, Hajiya ta matso gaba idonta kamar zai faɗo. Ruwan ya lafa, abin da ya taso shi ne ƙwanson ƙwai da ƙayar kifi da wata tana mai rai tana murɗa jiki. Wurin ya ɗauki dariya. Ni ban yi ba, na ce a mayar mini da tanata cikin buhu, ma'aikaciyata ce. Babbansu, wani mai furfura, ya ɗibi takin ya shinshina, sannan ya ce a ɗinke mini buhuna in wuce. Daga nan har Yamai Hajiya ba ta ƙara yi mini magana ba, ta manne da ƙofa ta toshe hanci, alhali ita ce ta yi wuni guda a ƙarƙashin buhunan ba ta ji komai ba.

A Yamai na sauka gidan dangin Mamman kusa da tasha. Zafin garin ya fi na Waga mugunta, ɗaki ba ya shiguwa, kowa tabarma yake shimfiɗawa a tsakar gida. Matan gidan suka ba ni dambun zogale da ƙuli, ya yi daɗi ƙwarai, sai dai sun cika masa barkono kamar da gayya. Suna jin ina cewa "bon" da "wala" a tsakiyar magana suna kwaikwayona, wai Hausar Mosi nake yi, su kuwa rabin tasu Zabarmanci ne. Na ce musu a Waga tsohuwa mai jika ma babur take hawa ta je kasuwa, suka ce ƙarya nake. Da safe na iske akuyar gidan ta yaga bakin buhu tana neman abin ci, ba ta samu ba, ta tsaya tana kallona da haushi. Na tattara abin da ya zube da tsintsiya har ƙwaya ta ƙarshe. Daga nan ƙaramar mota zuwa Doso, wata zuwa Dogondutsi, kowane kwandasta sai mun yi cacar baki kafin ya ɗora buhunan, sannan amalanken jaki ya ƙarasa da ni ƙauye.

An karɓe ni da fura mai sanyi a ƙwarya, ba a tambaye ni komai ba sai da na sha, wannan kam sun fi mu. Abin da ya fi ba ni mamaki a kwanakin farko shi ne garin ba shi da juji. Ba a rage tuwo, in ya kwana a ɗumama, in ya bushe a daka, ƙanzo na yara ne, dusa ta akuya. Ni kuwa a rumfata kullum sai na cika bokiti da abin da mutane suka ture. Na zauna ina tunani: hatsin da muke ci a birni daga irin wannan ƙasa yake fita, shekara da shekaru, buhu bayan buhu, kuma ko ɓawonsa ba ya dawo mata. Sai a ce wai ƙasa ta mutu. Yunwa ce ke damunta.

Kawu Isaka dogo ne siriri, manomi tun yana yaro, tafin hannunsa kamar ƙirgi. Ya kai ni gaban mai gari don a kashe maganar. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ɗiyar Habsu ce, mai tuwo ce a Wagadugu, ba ta taɓa riƙe hauya ba. Wuri ya mace, ko tsidau ba ya hita. Mi za ta yi da shi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, uwata ta ci daga gonar nan, ni ma na ci. Ba za a mai da ita rami ina da rai ba."

Mai gari tsoho ne mai son a rabu lafiya. Ya yanke cewa ran da gari ya fita noman fari, wato noman farko bayan shuka, duk inda hatsi ya tsaya a gonar nawa ne har abada, inda bai tsaya ba na Kawu ne, ya yi yadda ya ga dama. Kawu ya amince nan take, don ya tabbata ko dai ba abin da zai fito, ko kuma in sami ɗan lungu kamar shimfiɗar tabarma.

Na je na ga gonar. Fili ne fetal, ja, yana ƙyalli a rana, ga sawun tayar tifa inda suka shigo gwaji. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Buhu shida ko kashi ɗaya cikin goma ba za su rufe ba. Na tsaya ina kallon sawun tayar nan, sai dabara ta zo mini. Ban tara takina a lungu guda ba. Na bi iyakar gonar na kewaye ta da ramuka, layi biyu, kamar an sa mata zobe.

Irin ramukan nan Mosi suna ce musu zai, a can Nijar kuma tassa. Rami ne kamar faɗin ƙwarya, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki cikin hannu biyu, a rufe da 'yar ƙasa. Digar Pissy ta cika alkawari, amma hannuna ya yi bororo ya fashe ya sake yi. Masu wucewa suna tsayawa su yi mini sannu da irin muryar da ake yi wa mai taɓin hankali. Bayan 'yan kwanaki gara ta shiga ramukan. A Zongo da na ga gara kananzir nake ɗaukowa, amma Poko ta riga ta gaya mini in bar ta, ita ce ke huda fakon ta ƙasa ta yi wa ruwa hanya. Na zauna ina kallon gara tana yi mini aiki kyauta.

Matsalar daga cikin gida ta taso. Matar Kawu, Iya Hajo, ta ji yadda ake haɗa takin, ta tare ni a bakin rijiya gaban mata.

"Ke ɗiyar nan, gaskiya ne tuwo kike haɗawa da kashin tumaki a rami guda? A'uzubillahi! Abincin da in loma ta hwaɗi ƙasa ake ɗauka a hure a ci? Wanga abu ba ya albarka."

Na ce, "Iya, a Zongo in ban sa shi a rami ba kwata yake shiga, ya bi ruwan wanka da na wanki. Wanne ya fi wulaƙanci? Ni gida na dawo da shi."

Ba ta ji daɗi ba, don ba wadda ta goya mata baya a cikin matan. Kwana kaɗan aka yi suna a maƙwabta, babbar tukunyar miyar kuka ta kwana ta yi tsami saboda zafi. Iya Hajo ta sa aka ɗauko ta har gona, da ruwan kanwar da ya rage da na wankin tukwane, ta bi ramukan da ke bakin hanya tana tuttulawa. "Tunda ƙasarki tuwo take ci, ga miya ki haɗa mata." Matar da ta ce ba a wulaƙanta abinci ke nan. Raina ya ɓaci, amma matar kawuna ce, kuma a gidanta nake kwana. Na kwashe abin da zai kwasu, sauran ƙasa ta riga ta shanye.

Ruwa ya sauka, na shuka gero. Washegari na ga abin da ya sa na manta ciwon hannu: tsakiyar gonar ta bushe ƙayau kamar ba a yi ruwa ba, ramukana kuwa kowanne ya riƙe damshinsa. Gero ya tsiro, ya yi kore shar, irin koren da ke neman komawa baƙi. Aka yi ɗan fari na kwanaki, gonakin mutane suka fara lanƙwashe ganye da rana, nawa yana tsaye. Masu yi mini sannun mahaukaciya suka koma tsayawa su leƙa rami su wuce. Sai dai ramukan da suka sha miya. Karnuka sun tone wasu, sauran bakinsu ya yi fari kamar an barbaɗa gishiri, tsiron ya fito rawaya, bakin ganyen ya ƙone, ya mutu. Na sake shukawa, ya sake mutuwa. Zoben nawa ya sami giɓi, kuma daidai bakin hanya.

Ran noman fari mai gari ya zo da dattawa, Kawu ya zo, mai tifa ma ya zo da motarsa ya tsaya a hanya bai kashe inji ba. Aka zagaya gonar. Mai gari ya tsaya ya daɗe yana shafa gemu, ina ganin yana danne dariya. Ya ce magana ɗaya ce: kewayen na ɗiyar Habsu ne, tsakiyar ta Isaka ce.

Kawu ya ce, "To ta ina mota za ta shiga wurina?"

Mai tifa ya sauko ya auna giɓin da ido, ya ce motarsa ba za ta wuce ba sai an cire ramuka biyu ko uku ta kowane gefe.

Mai gari ya ce, "Hanya haƙƙinka ce, Isaka, ba mai hana ka. Amma ni ba ni aika kowa shi tuge hatsi tsaye da damina. In kana so, tuge da hannunka."

A garin nan, na gane daga baya, ko jaki ya taka shuka sai an kai ƙara. Dattawan suka kawar da kai, wani ya shiga gyaran hularsa. Kawu ya dubi mai tifa, mai tifa ya ce shi tuƙi aka ɗauke shi yi. Sai Kawu ya naɗe hannun riga ya nufi ramin farko na gefen giɓin. Tsoro ya kama ni sosai, don na san in tifa ta shiga sau ɗaya ta fara haƙa, ruwa zai janye kewayen nawa ya zuba a ramin, gonar ta tafi ke nan. Amma na rantse ba zan roƙe shi ba. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Tuge, Kawu. Geron Habsu ne, kai ka fi kowa sanin ɗanɗanonsa."

Ya tsuguna. Ya kama tsiron duka a hannu ɗaya. Na ga ya tsaya, ya sa yatsa ya tona gindin, baƙar ƙasa mai damshi ta biyo farcensa, ya murza ta. Sannan ya ja. Na runtse ido, da na buɗe sai na ga 'yan sirara ne a hannunsa, ya bar manya uku a tsaye, yana danna musu ƙasa a gindi da babban yatsa. Ya jefar da na hannunsa ya matsa rami na gaba, nan ma ya yi haka.

"Haka kuke shuka a Wagadugu?" ya ce, bai ɗago kai ba. "Kin cusa su rami guda kamar hwasinjan mota. In ba a rage ba duk kara za su yi, ba zangarniya."

Mai tifa ya danna ham. Kawu ya juya ya daka masa tsawa, ya ce ya ja motarsa baya, hayaƙi yana bugun hatsi. Mutumin ya zagi iska, ya juya kan motar ya kama hanyar gari.

Ban ce wa Kawu na gode ba, shi ma bai ce mini ya janye ba. Ya dai nuna mini layi na biyu da haɓa ya ce, "In noma kika zo yi, tsaye ba a yin shi." Na cire takalmi, na ɗaure zani, na tsuguna a ramin da ke kusa da nasa.